Jingar Tungar Hodi

Birnin Kebbi,
9 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga taubashiyata Zuhura 'yar Baba Hammadu, Tungar Hodi, ta hannun Arzika mai albasa, kasuwar Argungu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar zumunci, ina gaida maigidanki Tamba da yara. An ce mini ƙafa tana damun Baba, Allah ya sa kaffara ce. Mu nan kalau muke.

Kada ki yi ta juya takarda kina neman mai ita. Ikrima ne, jikan Inna Aishatu, ƙanwar kakanki da aka kawo aure Birnin Kebbi. Rabona da tsibirinku tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da kika kifar da ni daga jirgi a mashigi. Na san na yi laifin shiru, amma yau ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Tun da aka ba mu jiha nake aiki a ofishin awon ƙasa. Saboda ambaliyar bara, an kafa wani kwamiti da zai tashi ƙauyukan da ke tsakiyar fadama kafin ruwa ya cika. Makon jiya jerin sunayen ya biyo ta teburina, na ga Tungar Hodi ce ta huɗu. An ware muku fili a kan tudu, can bayan Gulma. An ce kowane gida zai sami fuloti da kwanon rufi.

Na ga bai kamata ku ji wannan a bakin baƙo ba alhali ina nan. Ke ce aka ce mini kin yi makaranta a Argungu, don haka ki karanta wa Baba, tun da shi ne mai gari. Shawarata ita ce ku karɓa. Na ga hotunan da aka ɗauka bara daga sama, babu abin da ake gani na garinku sai kan tsamiya da rufin masallaci. Ba a jayayya da gulbi.

Naki,
Ikrima.

*

Tungar Hodi,
26 ga Mayu, 1994.

Malam Ikrima,

Wa alaikumus salamu. Barka da salla. Takardarka ta iso ran Laraba cikin buhun albasa, har yanzu warin bai bar ta ba. Muna lafiya, Tamba da ɗiya suna amsawa. Ƙafar Baba kam sai addu'a, amma shina fita da sanda har gindin tsamiya.

Na tuna ka sarai. Kuma ban kifar da kai ba, kai ne ka tashi tsaye cikin jirgi awa mai huɗuba.

Baba ya sa anka tara gari bayan la'asar, na karanta takardarka sau biyu. Wasu sunka yi murna da jin kwano, wasu sunka yi tsit. Baba ya bari kowa ya gama, sannan yac ce, "A tambayo min jikan Aishatu, can tudun akwai gulbi?"

Bai tsaya jiran amsarka ba. Washegari ya tura Tamba da Liman da Munzali, wanda shi ne babban maginin garin ga, sunka je sunka ga wurin. Yashi ne da ƙaya. Rijiya ɗaya, gaba ashirin da biyu. Tamba yac ce ko kwaɗo bai gani ba. To mu da ba mu san komi ba sai shinkafa da su, mi za mu je mu yi can? Mu shuka taru?

Akwai kuma abin da hotonka bai nuna maka ba. Mutanen Tungar Atiku, maƙwabtanmu, sun karɓi kwano bara sun tashi. Watan ga da ya wuce wasu masu mota sunka zo sunka kafa turakun siminti a fadamarsu. Yanzu ƙwadago suke zuwa yi a gonakin ubanninsu. Da idona na ga tsohon mai garinsu shina cirar ciyawa ana yi mashi tsawa.

Don haka ga amsar gari, Baba yac ce in rubuta ta yadda take: ba mu tashi.

Kuma ba zaune muke muna jiran ruwa ba. Tun bayan ƙaramar salla munka fara jinga, za mu kewaye garin da ita duka, gida sittin da uku. Maza na haƙar yumɓu, mu mata muna ɗauka a kwando, tsofaffi na dasa ciyawar jema a bayanta don saiwar ta riƙe ƙasa. Ta yamma, inda ruwa ya shigo muna bara, ta riga ta wuce kan Tamba. Wuyana ya yi kanta, Riskuwa matar Liman da cikin wata bakwai take ɗauka, mun hana ta ta ƙi.

Ka ce ba a jayayya da gulbi. Ba jayayya muke ba, maƙwabci ne, katanga muke yi tsakaninmu da shi. Kai da Allah ya ba ilmin awo, maimakon ka auna inda za a zubar da mu, ka zo ka auna muna inda ruwa zai shigo. Kai jikan mace ne, ka san in na aike ka dole ka tafi.

Taubashiyarka,
Zuhura.

*

Birnin Kebbi,
18 ga Yuni, 1994.

Zuhura,

Gaisuwa a gurguje, direban Argungu ya riga ya tada mota. Yaya ƙafar Tamba? Na zo garinku ran Alhamis tare da mutanen kwamiti, aka ce kin kai shi asibiti, fartanya ta sare shi. Allah ya kiyaye gaba. Na gaida Baba, amma shugabana yana tsaye kusa da ni, ban iya cewa komai ba.

Na auna ko'ina. Sai jiya na gama lissafin, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ba zan iya zayyana shi a nan ba, takardu suna bin hannaye da yawa. Magana ɗaya ce: ku ɗaga ta gabas, kada ku wuce ƙarshen Yuli. Ku bar duk wani aiki ku yi wannan. Don Allah kada ki tsaya gardama.

Ikrima.

*

Tungar Hodi,
30 ga Yuni, 1994.

Ikrima,

Na amsa gaisuwarka don musulunci. Tamba ya samu sauƙi, shina takawa.

Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Da anka ce min ka zo da na'urarka mai ƙafa uku ka kewaye jinga tun hantsi har azahar, har na ce wa Riskuwa jini ba ya ƙarya. Sai ga takarda: mu ɗaga ta gabas. Har da nuna muna hanya. Mun san gabas, nan ne mashigin Argungu, nan motocin kwamitinku za su tsaya su kwashe mu awa buhunan albasa. Har da ranar da za mu fita ka yanka muna.

Da na san abin da ke ciki da ban buɗe ta gaban jama'a ba. Mutane sun taru suna jiran su ji mi mai awo ya gani, ni kuwa na karanta da ƙarfi. Munzali yat tashi yac ce in ɗan uwanmu da ya auna da idonsa ya ce a gudu, shi ba ya bari ɗiyansa su nutse don taurin kan wani. Cikin kwana huɗu gida goma sha ɗaya sunka ɗaure kaya sunka bi shi. Majiya ƙarfinmu ne sunka tafi, Ikrima. Baba ya zauna bakin mashigi shina kallon jirage har sunka ɓace cikin ciyawar burgu. Tun ran nan abinci sai an matsa mashi.

Abin da ruwan bara bai yi muna ba, layi ɗaya naka ya yi.

To ka ji da kyau, ka kuma gaya wa shugabanka. Gida hamsin da biyu sun rage. Ba mu ɗagawa ta gabas, ba mu ɗagawa ta yamma. Mun koma kan jingarmu, muna ƙara mata kauri ta yamma inda munka san maƙiyinmu. In ruwa ya ci mu, ku zo ku ɗauki hoto daga sama.

Kada ka sake wahal da Arzika da takarda.

Zuhura.

*

Birnin Kebbi,
3 ga Agusta, 1994.

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Ki yi wa Allah ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yaga ta. Ina fata Baba ya koma cin abinci.

Wata guda na yi a Zauro ana awon gonakin shinkafa, jiya na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa. Zuhura, jinga nake nufi. Ku ɗaga jinga ta gefen gabas, ku ƙara mata tsawo. Ban ce ku tashi ba. Laifina ne, na yi rowar kalma ɗaya don sauri da tsoro, ga abin da ta jawo.

Ga bayanin da ya kamata in yi tun farko, kowa ya karanta in ya ga dama. Bara ruwa ya shigo muku ta yamma, shi ya sa kuka tara ƙarfinku can. Amma a rani an yi cikon hanya a sama da ku, ya toshe ƙoramar da ke ɗebe ruwa zuwa yamma. Bana duk nauyin gulbi gabas zai faɗo. Jingarku kuwa daga gindin tsamiya zuwa mashigi, taku ɗari biyu da goma, ta gaza sauran da ƙafa uku. Ta yamma ta isa, ku bar ta haka. In kuka cike ƙafa ukun nan, lissafina ya nuna garin zai tsaya.

Kin ce in gaya wa shugabana. Na riga na gaya masa. Ya kawo mini rahoto an buga cewa Tungar Hodi ba za ta tsira ba ko an yi jinga, ya ce in sa hannu. Na ce abin da na auna ba haka ya nuna ba. Ya ce in yi tunanin iyalina. Na ce na yi, wasu daga cikinsu suna cikin tsibirin. Yanzu haka akwai takardar tuhuma a aljihuna, kuma an karɓe na'urar.

Lokaci ya ƙure. Ruwa a gindin gada yana hawa kullum, kuma muna jin za a saki ruwan madatsa daga sama kafin wata ya ƙare. Yumɓu kaɗai ba zai bushe ba yanzu. Na roƙi manoman Zauro tsofaffin buhuna, sun tara mini ɗari huɗu da 'yan kai, suna cikin motar da ta kawo wannan takarda. Ku cika su da ƙasa, ku jera biyu-biyu kamar tubali, ku danne da yumɓu.

Ki aika wa Munzali. Ki ce masa mai awo ya ce garin zai tsaya, kuma ya sa aikinsa a kan maganar.

In kin ga dama ki ci gaba da fushi da ni, amma ki yi shi kina ɗaukar ƙasa.

Ikrima.

*

Tungar Hodi,
12 ga Agusta, 1994.

Malam Ikrima,

Lafiya lau, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Buhuna sun iso. Na karanta takardarka ni kaɗai bayan rumbu, na ɗauko tsohuwar na sake dubawa, sai na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na yi duka biyun. Kai ka yi rowar kalma, ni na yi rowar haƙuri. Mun yi kunnen doki, a bar maganar.

Da kaina na je tudun bayan Gulma. Na iske su Munzali cikin bukkokin kara, kwano bai zo ba, matansu na bin layin rijiya tun asuba. Na karanta masu. Munzali ya shiga ya ɗauko magirbinsa. Gida bakwai sunka biyo mu, huɗu sunka ce sun gaji da kai da kawo. Ban zarge su ba.

Yau kwana shida muna kan gabas. Mun ci taku ɗari da talatin. Buhu ya kusa ƙarewa, mata sun fara ɗinke tsofaffin zannuwa da tabarmi. Riskuwa ta haihu ran Talata, namiji. Ruwa ya riga ya shafe gonakin ƙasa, shina lasar gindin jema.

Baba ya ci tuwo jiya. Yac ce in gaishe ka.

Zuhura.

*

Argungu,
6 ga Satumba, 1994.

Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a rumfar Arzika, ban san ranar da za ta same ki ba. Kwana uku ke nan ina Argungu. Daga bakin gari har inda ido ya tsaya ruwa ne, babu mai jirgin da ya yarda ya ƙetara da ni, sun ce igiyar ruwan ta fi ƙarfin sanda. Wani ya ce ya hango hayaƙi daga wajenku, wani ya ce Tungar Hodi ta tafi tun makon jiya. Arzika ya ce rabonsa da mutuminku kwana goma sha biyu.

Ni na ce muku garin zai tsaya. Ni na sa aka dawo da gida bakwai daga kan tudu. In lissafina ya yi kuskure, ban san inda zan sa kaina ba.

An mayar da ni wani ƙaramin ofis a bakin iyaka, gobe zan kama hanya. Ban yi nadamar ƙin sa hannu ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, Arzika ya san inda zai aika.

Ikrima.

*

Tungar Hodi,
19 ga Satumba, 1994.

Taubashina Ikrima,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Ka kwantar da hankalinka, hayaƙin da anka hango namu ne. Jiya Tamba ya samu ƙetarawa a jirgin aro, ya kawo takardarka. Ina fata ka isa sabon wurin lafiya, ka kuma samu ɗaki mai kyau.

Mun rufe taku na ƙarshe ran Laraba. Ruwan ya zo ran Juma'a da hantsi, ashirin da shida ga Agusta. Mun ji shi kafin mu gan shi, wani irin gurnani daga gabas, sai ga shi ja wur ɗauke da itatuwa da rufin bukkokin wasu bayin Allah. Gari duka munka hau jinga. Ya yi ta hawa har azahar, ya cinye jema, ya cinye yumɓu, ya kama buhunan Zauro. Sahu na farko ya nutse. Munzali ya kafa kara ya yi mashi zane, kowa ido a kan karan. Da la'asar ruwa ya tsaya, saura tafin hannu ɗaya ya tsallake. Lissafinka bai yi ƙarya ba.

Inda ya cuce mu ta kudu ne, wurin da ni da kai ba mu yi zato ba. Gafiya ta yi rami cikin jinga, ruwa ya bi ramin, kafin a ankara ya buɗe baki kamu shida. Buhu ya ƙare. Muna jefa yumɓu shina tafiya da shi awa gari. Sai Tamba ya jawo jirginsa, babban nan na maɗaci da ubansa ya bar mashi, yac ce a cika shi da ƙasa. Maza sunka shiga ruwa har ƙirji sunka gicciya shi a bakin ɓarakar, mu muna zuba mashi kwando bayan kwando har ya zauna. Munka bi da ƙofofin ɗaki da turame da duk abin da hannu ya kai. Kafin magariba ta toshe. Gida bakwai na kudu sun faɗi, rumbu tara sun jiƙe, awakin Riskuwa sun tafi. Rai ko ɗaya bai salwanta ba. Tamba bai ƙara maganar jirgin ba, ni ma ban tayar ba.

Kwana biyar bayan haka mutanen kwamitinku sunka zo cikin jirgi mai inji, da takardar kwashe waɗanda sunka tsira. Sunka iske muna shanyar shinkafa a kan tabarmi. Babbansu ya kewaye jinga, takalminsa a hannu, ya dawo yana tambayar wa zai ba shi bayani. Liman ya nuna ni. Nac ce mashi, "Ranka shi daɗe, ka rubuta gida bakwai sun faɗi, za mu tada su da rani. Ka rubuta ba mu tashi." Sai ya rubuta wani abu. Ban san mi ya rubuta ba. Mun ba su fura sun sha sun koma.

Saura magana ɗaya. Na bar ta ƙarshe don hannuna ya ƙi rubuta ta da farko. Baba ya rasu ran Laraba bakwai ga wata, zazzaɓi na kwana huɗu. Ana gobe zai cika ya sa anka ɗauke shi a tabarma anka hau da shi kan jinga ta gabas. Ya dubi ruwa, ya dubi gari, ya sa maka albarka da sunanka da sunan kakarka. Sannan yac ce wa Liman, "Kada a ɗora ni jirgi."

Ka san abin da ya sa ya faɗi haka? Duk wanda ya mutu garin ga cikin damina, tun kakanninmu, sai an ƙetara da shi Argungu, don ko taƙi ɗaya anka haƙa ruwa ke tsattsafowa. Liman ya ji tsoro, ruwa kewaye da mu ta ko'ina, yac ce a gwada dai don cika wasiyya. Munzali ne ya yi ginan, bayan masallaci. Ya haƙa har ƙugu, Ikrima, ƙasa busasshiya. A nan munka sa shi.

Allah shi jiƙan Baba, shi ba mu haƙuri da mu da kai.

Taubashiyarka,
Zuhura.